Saƙon Sojan da Bai Dawo Ba

Ni ɗan Ƙofar Jatau ne, ɗinkin hula na gada. A da kullum muna zaune a inuwar zaure, allura a hannu, rediyo na yi, wanda ya wuce ya yi sallama mu ce bismilla ga tuwo. Ba a tambayar baƙo shaida. Wannan yardar na ci.

Bayan yaƙin basasa sojoji da yawa ba su dawo ba. Wata rana na ce wa wani tsoho na ga ɗansa a Kudu, don kawai in kwantar masa da hankali. Sai ya ba ni riga in kai masa. Na sayar. Daga nan na ajiye allura, na shiga bin gidaje.

Dabarar ba wuya. Ka tsawaita gaisuwa, ka yi shiru. Mai begen ɗansa shi zai faɗa maka kamanninsa, kai kuma ka maimaita masa.

A Ƙofar Doka akwai wata tsohuwa, Hajiya Kande, ita ma ɗanta bai dawo ba. Na ce mata, "Hajiya, yana asibiti, ya ce ya yi kewar tuwonki." Ta ce, "Allah sarki. Ya yi ƙiba, Malam?" Na ce ƙwarai. Ta ƙulla mini kilishi da hula in kai masa. Na yi ta komawa, tana ta bayarwa.

Wani gidan ne ya kai ni gaban alƙali. Ina kurkuku sai ga Hajiya Kande da fura. Ta ce, "Tun ranar farko na gane ka. Ɗan farina ne, kakarsa ta raine shi, bai taɓa cin tuwona ba. Kuma duk abin da na tambaye ka kana da amsa. Ɗan aiken gaskiya yakan ce ban sani ba."

Na ce, "To, me ya sa kika ci gaba da ba ni?"

Ta ce, "Kowa ya daina zancensa sai kai."

Na fito, na tuba, na koma allura, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ita kuwa ta rasu kafin in nemi gafararta.

Samari, in mutum ya zo muku da labari, ku bar shi ya fara kwatance, kada ku taya shi. Kuma kada ku ci abinci da begen uwa. Zaman kurkuku ya ƙare, amma furar nan har yau ban gama haɗiye ta ba.