Mutumin da na kankare da reza

Mahaifina manomin shinkafa ne a Bakura, kuma bai taɓa hana ni zane ba. Ranar da ya same ni ina ɓata takarda da fentin ruwan da aka raba mana a makaranta, sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in zana abu mai rai, ko akuya ko ɗan Adam. Na ce to, na kuma riƙe alkawarin har bayan rasuwarsa. Ba zan yaba wa kaina da yawa ba, domin jakin da na taɓa gwadawa kafin nan ya fi kama da turmi mai kunnuwa.

Da aka tura ni koyarwa Maradun, sai na mayar da ranar kasuwa ranar aikina. In hau babur zuwa Janbako ko Tsibiri ko Gidan Goga, in zauna a tsakiyar hayaniya da gwangwanin ruwa da buroshi biyu, in zana rumfuna da rumbuna da katangu, in tsame mutanen waje. Su leƙo, su ga kasuwarsu wayam, su yi ta dariya, suna tambaya ina na kai su. A shekarun nan na koyi inuwar laka da launin kara bayan girbi. Ba wanda ya koya mini, takardar da na lalata kuwa ta isa a hura wutar biki.

Daga baya 'yan bindiga suka tsare hanyoyin, na dawo Talata Mafara da zama. Wani abokin karatuna ya kwashi zanen ya kai baje koli Abuja. Mutanen can suka ga ƙauyukan Zamfara babu kowa a ciki, suka ce ga mai zanen kufai, wanda ya nuna abin da aka yi mana. Ban gyara musu ba. Na ji kunya, amma gayyata ta biyu da ta zo ban ƙi ta ba.

Wata tsohuwa daga Gidan Goga ta dawo gidan 'yarta a layinmu. Wata safiya ta shigo gaida matata, sai ta tsaya a zaure gaban wani zane da ban sayar ba, na wata tsamiya da ƙofar gida. Muka gaisa: kwana, gajiya, iyali, baƙunta, har muka kai ga haƙurin abin da ya faru. Sannan ta nuna da yatsa.

"Malam, wagga tsamiya ƙohwar gidanmu ta. Nan mai gidana ka zama shina ɗumkin hula."

A gona aka kashe shi. Ba ta da hotonsa ko ɗaya, guda ɗayan da aka taɓa ɗauka yana cikin wayar da aka ƙwace.

"Sa man shi ciki," ta ce. "Da hwarar riga. Ko ƙanƙane ne."

Matsala biyu gare ni, ɗaya kawai na faɗa mata. A fentin ruwa fari ba fenti ba ne, takardar ce da kanta ake bari tun farko, ni kuwa na riga na shafe gindin tsamiyar da inuwa mai duhu. Ta saurare ni tsaf, ta ce za ta dawo jibi. Maganar mahaifina kuma na bar ta a cikina, na kwana biyu ina juya ta, ina jin haushin tsohuwar da ba ta yi mini laifin komai ba.

Ranar da za ta dawo na ɗauko sabuwar reza, na kankare inuwar a hankali har farin takardar ya fito. Tsawon mutumin bai wuce ƙwayar wake biyu ba: kafaɗa, da riga, da ɗan sunkuyo. Ban yi masa fuska ba. Ban sani ba ko wannan ya fitar da ni daga laifi, kuma ban tambayi kowane malami ba, don ba na son amsar.

Ta zo, ta kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa.

"Ya hi haka jiki," ta ce. "Amma haka shika zama." Ta juyo. "Ashe ka gane shi ranar da kaz zo garinmu?"

"Na gan shi, Inna."

Ta naɗe zanen a gefen mayafinta ta fita. Gaskiya na faɗa mata, na gan shi. Abin da ban faɗa ba shi ne, a ranar da na yi zanen na roƙe shi ya ɗan matsa don yana tare mini gindin itacen. Ya tattara zarensa da allurarsa, ya ba ni haƙuri, ya koma cikin rana.