Yadda Na Gano Sunan Mai Arish

A ƙauyenmu da ke gefen Makoda, duk yaron da ka ce wa ya kai ka gidan Mai Arish, ƙofarmu zai dire ka. Mai Arish kakana ne. Ya rasu babana yana goye, shi kuma babana da aka sa shi makaranta sunan gari aka liƙa masa, har ya koma ga Allah da shi yake amfani. Ni kuwa laƙabin nan ya daɗe yana cina. Ina firamare har dambe na yi a kansa, don na ɗauka zagi ne.

Da matata ta haifi namiji, tun a asibiti na rantse sunan kakana zan sa masa. Na dawo gida baki har kunne ina ta shela, sai yayata ta ce, "To, mene ne sunan? Ko Arish ɗin liman zai raɗa masa?" Wallahi sai a lokacin na farga ban san sunan ba. Ga rago a ɗaure, ga ranar suna tana matsowa.

Mutum ɗaya ce ta rage da ta san shi, Inna, matarsa, kakata ke nan. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na tsugunna na tambaye ta asalin laƙabin. Ai kamar jira take.

"Cirani ya je Jos," in ji ta, "ya ci dankalin Turawa, wanda suke ce wa Arish, ya kasa mantawa. Ya ɗauko buhu guda a ka, ya ware rabin gonar gero ya shuka. Wai zai ciyar da gari. A rairayin nan namu, da zafin nan! Ko ɗaya bai yi ba, duk ya ruɓe a ƙasa. Shekarar nan da taimakon maƙwabta muka kai kaka."

Na yi dariya har da hawaye. Ashe mutumin da nake jin kunyar laƙabinsa ɗan'uwana ne a taurin kai. Daɗi ya kwashe ni, na ce, "To Inna, sunansa na yanka fa?"

Nan take ta ɗaure fuska. "Ni zan kama sunan mijina? Tashi ka ba ni wuri." Na roƙa, na yi magiya, na yi fushi, a banza.

Ina fita zaure abin ya faɗo mini. Akwai wani tsohon maƙeri a Ɗambatta da ke yi mana fartanya, kowa Sarkin Maƙera yake ce masa, amma Inna kullum "mai sunan Malam" take kiransa. Ban ko sa hula ba na haye babur, ina gudu ina surutu ni kaɗai kamar sabon kamu.

Na same shi a bakin zuga. Da na gama bayani ya ajiye guduma ya ce, "Tun ina saurayi kakarka ke kauce wa sunana." Sannan ya faɗa mini. Suna ne da nake ji kullum a masallaci, amma ranar sai na ji kamar ban taɓa jinsa ba.

Na dawo, na tsaya gaban Inna na furta shi a hankali. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Marar kunya." Na san na dace.

Ranar suna, da aka shafa fatiha, aka kai wa Inna jaririn ɗaki. Ta karɓe shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Ka daɗe."