An Ba Kura Ajiyar Kilishi

A Rimawa, zamanin da Nasara ke mulki, in mace tana da abin da take tsoron ya lalace, ɗakin Kaltume take kai shi. Zanen saƙar Wurno, tasoshin aure, tabarmar da ake ji da ita, irin wake na baɗi, duk can suke kwana. Kaltume mai ajiya ake ce mata, kuma ba a taɓa jin ta ce a daina ba. Gajeriya ce mai kaurin wuya, tana tafiya kamar an aike ta kamo wani. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗaki biyu da bakin da zai ishi mata huɗu.

Abokan gabanta a duniya uku ne, gara da ɓera da ruwa, kuma ta san halinsu kamar tare aka yaye su. Tabarma ba ta wuni a ƙasa a gidanta. Da safe a kakkaɓe, a naɗe, a rataye. Akwati ko tukunya sai bisa duwatsu, an zagaye da toka. Shekarar da gulbin Rima ya cika ya shigo gari kowa ya yi asara, ita ko zare bai jiƙe mata ba, ta kuwa tabbatar labarin ya kai kunnen kowa, har wanda bai tambaya ba. In ta shiga ɗakin wata ta ga shimfiɗa da huda, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wagga tabarma ta ko rariya?"

Mutum ɗaya ne ke iya bakinta, Mode, ɗan kawunta. Taubasai ne, wato Allah ya halatta musu zagin juna har kabari. Tun suna yara yake kiranta Kura, saboda wata Sallah an ba ta riƙon tsiren layya ta mayar da tsinke. Ita kuma Bawa take ce masa. Sunan Kaltume bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko ranar da ya zo mata gaisuwar miji Kura ya ce, ta kuwa ji daɗin hakan fiye da dukan addu'o'in da aka yi.

Mode ya tafi Makka a ƙasa da matarsa Laraba, suka bar 'yarsu Kulu hannun Kaltume. Shekara bakwai ba labari. Ranar da ya dawo, shi kaɗai ya dawo, da sanda da wani ƙunshi a ka. Kafin azahar magana ta zagaye gari cewa Mode ya zo da kilishi daga gabas. Jama'a suka cika ƙofar gida suna haɗiyar yawu, har da tsofaffin da ba su da haƙorin tauna shi. Da aka kwance ƙunshi sai ga kilishi na shimfiɗa, ba na ci ba. Ja ne wur, saƙar gashin tumaki, da zane-zanen baƙi da shuɗi, in ka taka ƙafarka ta nutse. Rabin mutanen suka koma gida da fushi.

Bai yi wata uku ba aka sa sunansa cikin waɗanda za a kwasa aikin tilas na haƙar kuza, can nesa. Ya ɗauko kilishin ya shigo gidan Kaltume.

"Kura, ga kilishi na kawo miki ajiya. Mutane sun ce ba a ba kura ajiyar nama, ni dai ban jin magana."

"Aje nan, Bawa, ka wanke ƙahwa kahin ka taka min ɗaki."

Ya ajiye, amma bai yi dariya ba. Ya ce, "Laraba taz zaɓe shi. Shekara biyu muna tsintar auduga ƙasar Sudan kahin mu same shi. Tac ce na ɗakin Kulu na, ranar da za ta gidanta. Bisa shi tac cika, muna hanyar dawowa."

Kulu tana tsaye bakin ƙofa. Ta zo ta durƙusa ta shafa shi sau ɗaya da tafin hannu.

Kaltume ta ce, "Ka taɓa jin abu ya shiga ɗakina ya hito da tabo? Tahi abinka."

Kwana uku tana tunanin kilishin nan. In ta rataye, ɓera. In ta ajiye a ƙasa, gara. In damina ta yi ƙarfi, ruwa. Sai ta tuna da rufewarta ta cikin ɗaki, ɗan rumbun laka da take adana irin wake, wanda ƙwaro bai taɓa shiga ba. Ta kwashe waken. Don girmamawa ta ɗauko buzun mahaifinta, fatar rago mai gashi da marigayin yake salla a kai, wadda ta shekara goma a jingine bayan gado, ta naɗe kilishin a ciki. Ta saka a rufewa, ta zuba toka har baki kamar yadda ake yi wa wake, ta kifa murfi.

Tana cikin kwaɓa lakar liƙewa Mero ta shigo, Bafillatanar da ke kawo mata nono daga ruga. Ta sauke ƙwarya ta ɗaga murfin ta leƙa.

"Goggo, mi kika rufewa haka?"

"Abin da ba ki taɓa gani ba."

Mero ta ga gefen ja ya leƙo daga toka. Ta taɓa, ta ce, "Wanga gashi na. Muna da bargon gashi gida. Abin gashi ba a tsare shi cikin duhu, Goggo. Rana shika so da iska, a buga shi, a taka shi. In kin ruhe shi asu na cinye shi."

Kaltume ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke da gidanku ka tahiya bisa bayan sa, ke za ki koya min ajiya? Asu ta ina za shi shiga, ta laka? Auna min nono ki kama hanya."

Mero ta auna nono ta kama hanya. Kaltume ta liƙe murfi, ta shafe, har da 'yar kwalliya da yatsa.

Damina huɗu suka wuce, don Mode da ya gama aikin tilas sai ya zarce da neman abin kansa a can. A cikinsu Kulu ta roƙa ba sau ɗaya ba. "Goggo, a buɗe in gani mana, ko sau guda. Na manta kalar zanen." Kullum amsa ɗaya ce: "Ido ma na cin kaya. Ranarki na zuwa." Wani lokaci Kaltume takan shigo ta tarar da yarinyar zaune ta jingina bayanta da rufewar, sai ta kore ta, wai za ta tsaga laka.

Ranar ta zo. Kulu ta zaɓi wani manomin albasa na Taloka, Zayyanu, Mode ya dawo aka ɗaura aure. Safiyar da za a tafi jeren ɗakin amarya, Kaltume ba ta buɗe rufewa ita kaɗai ba, ina, ai ba a haife ta don yin abu a ɓoye ba. Sai da mata suka cika tsakar gida, har da duk wadda ta taɓa kira wa tabarmarta rariya. Mero ma tana gefe da ƙwaryarta. Kaltume ta ɗaura ɗamara ta ce, "Ku matso ku ga yadda aka ajiya."

Ta fasa laka da taɓarya, ta yaye toka, ta jawo ƙunshin zuwa hasken rana. Buzun ya fito fes, ba gashi ko ɗaya, kamar an yi masa aski. Wasu 'yan ƙananan ƙwari masu kalar toka suka tashi suka bi ta kan mata. Ta kama bakin kilishin ta ja, sai bakin ya biyo hannunta. Ta sake kamawa, jan gari ya zubo mata a ƙafa. Abin da ya shimfiɗu a tsakar gidan nan zare ne fari a sarƙe, kamar komar masunta, da tsibi-tsibin ja nan da can.

Asu bai shiga ta laka ba. Yana kwance cikin gashin buzun tun da farko. Ita da hannunta ta ɗauki ɓarawo ta saka shi ɗaki da abinci, ta liƙe ƙofa don kada a dame shi, har ta yi masa kwalliya a murfi.

Da matan nan sun yi dariya da ta samu abin yi, don faɗa ba ya mata wuya. Ba wadda ta yi. Wata ta soma gyaran ɗankwali, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Mero ta sunkuyar da kai tana juya ludayi cikin nono. Kulu ta durƙusa, ta ɗebi jan garin a tafin hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Aka kira Mode. Ya tsaya kan abin, ya duba, ya duba. Kaltume tana jira. A ranta tana cewa, faɗi mana, ce kura ta ci kilishi, ga magana ta zo maka har gida.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Kaltume. Allah shi saka da alheri. Haka Allah yas so."

Ya juya ya fita. Shekara hamsin bai kira sunan nan ba. Da mari ya ɗauke ta da shi da ya fi mata sauƙi.

Aka yi jere da tabarmi. Kaltume ba ta je Taloka ba, ta ce ciwon kai. Washegari ta bi gida-gida tana mayar wa kowa ajiyarsa, ba ta zama, ba ta shan ruwa. Masu cewa ta riƙe, ai tsautsayi ne, sun fi ƙona mata rai. Ta daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Ranar kasuwa in mai tallan kilishi na nama ya biyo ta ƙofar gida yana kira, sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Mode kuwa in sun haɗu a hanya sai ya rage tsawo ya gaishe ta, ina kwana, ina gajiya, kamar surukarsa. Ita da ke cika layi da murya ta koma amsawa da ka.

Komar zaren ba ta yar ba. Wata rana ta baje ta, ta tarar can tsakiyar naɗin akwai wuri ɗaya da asu bai kai ba, bai fi faɗin faifai ba, da zanen shuɗi guda cikakke. Ta yanke shi. Ta yi sati tana kallonsa tana tsoron inda za ta sa shi, don yanzu ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin dabarunta ba. Rana ta takwas ta yafa zane ta nufi ruga, tafiyar da ba ta taɓa yi ba.

Mero tana wanke ƙore. Kaltume ta yi sallama ta tsaya, bakin nan mai isar mata huɗu ya ƙi buɗuwa. Daga baya ta miƙa guntun ta ce, "Kin ce rana da mi?"

Mero ba ta tuna mata komai ba. Ta ce a shanya shi ta baya duk mako, a buga da sanda mai santsi, a duba ƙasan gashi da yatsa, in za a naɗe a sa busasshen ganyen taba, kada ya kusanci tsohuwar fata mai gashi. "Amma dai a zamna bisa shi, Goggo. Abin da aka takawa asu ba shi samun kwana cikinai."

Kaltume ta kai wa wani baduku, ya ɗinke guntun a tsakiyar jar fata jemammiya, ya fito 'yar shimfiɗa ta zaman mutum ɗaya. Ta ɗauka a ka zuwa Taloka ranar Juma'a. Ta tarar da Mode a zaure ya zo ganin 'yarsa, ya miƙe zai soma gaisuwar nan tasa, ta wuce shi ta shiga ciki, ya biyo baya.

Ta ajiye a gaban Kulu, idonta a ƙasa. "Shi ɗai yar rage. Na hana ki gani shekara huɗu, na ba asu. Ban da abin cewa."

Kulu ta shafa zanen shuɗin. Ta ce, "Ashe haka shike. Ni ja ɗai nika tunawa." Ta miƙe za ta ɗaga shi ta sa cikin akwati.

"Aje shi ƙasa," in ji Kaltume, muryarta ta dā ta ɗan leƙo. "Zamna bisa."

Kulu ta zauna. Mode yana tsaye bakin ƙofa, ya dubi 'yar shimfiɗar, ya dubi taubashiyarsa da ke tsugune kamar mai jiran hukunci. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Yau na ga kurar da ta ci ta rage."

Kaltume ta buɗe baki za ta rama, sai ta ja bakin zane ta rufe fuska. Daga cikin zanen aka ji ta ce, "Wanke ƙahwa, Bawa, kahin ka taka ɗakin mutane."

Ta yi shekara goma sha wani abu bayan nan. Ba ta sake karɓar ajiyar kowa ba, ba ta kuma sake duban tabarmar wata ta yi magana ba, ko da hudar za ta ɗauki kan akuya. Duk Juma'a ana ganinta a hanyar Taloka da 'yar sandarta mai santsi da ƙullin ganyen taba. Sai ta fitar da shimfiɗar rana, ta buga, ta bi gashin da yatsa, ta mayar, ta tsaya sai ta ga wani ya zauna a kai. Ita dai ba ta taɓa zama ba, ko an ce ta zauna, tabarma take jawowa.