Wes Tilli da Tuffar Bakin Rijiyata

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Wes Tilli ta riga ta wuce ƙofar gidana. Ba sai na leƙa ba, ƙarar makullin coci da ke rataye a wuyanta yana bugun butar ban-ruwa ta ishe ni labari. Takan fara biyawa ta maƙabarta, ta zuba wa furannin wani ɗan ƙaramin kabari ruwa, sannan ta hau ɗakin ajiya na coci ta buɗe tagogi don littattafai su sha iska. In sanyi ya shigo sai ta hura murhu a ɗakin saboda kada danshi ya ci takardu, ita kuwa ta zauna cikin tsohuwar rigar ulunta tana hura hannu.

Sunanta na yanka Ottilie Rennich, amma a ƙauyenmu Eschendorf, nan Romaniya, duk tsohuwa Wes ce, duk tsoho Feta ne, ko kun haɗa jini ko ba ku haɗa ba. Ni Ilarie, ɗan Romaniya, tsohon direban motar haya, maƙwabcinta na katanga ɗaya. Ni na yi ta jigilar Jamusawan ƙauyen nan zuwa tashar jirgi a Timishwara lokacin da gwamnatin gurguzu ta faɗi suka kwashe kaya suka koma ƙasar kakanninsu. Ita ta ƙi tafiya.

Na ce mata, "Wes Tilli, kowa ya watse, wa za ki zauna wa?"

Ta ce, "Maƙwabci, ja motarka. Za su dawo neman kakanninsu, kuma ba kai za su tambaya ba."

Na yi dariya a ranar, sai ga shi sun dawo ɗin. Daga Jamus, daga Amurka, daga Brazil, kowa da guntun labarin da ya tsinta a bakin kakarsa. Wes Tilli takan sa tabarau ta bi musu littattafan baftisma da na aure da na mutuwa, har ta kai ga mutumin farko da ya sauko ta kogin Danube da garmarsa. Daga nan sai ta buɗe akwatin tsofaffin wasiyyoyi. Takan ce littafin coci ya san ranar zuwan mutum da ranar tafiyarsa, amma wasiyya ce ta san wanda ake ƙauna a gida. Kuma ba ta yi wa kowa kwaskwarima. Wata Ba'amurkiya ta zo da yaƙinin kakanta basarake ne, aka gano makiyayin aladun gari ne. Da ta ɓata rai, Wes Tilli ta ce, "'Yata, saki fuskarki. 'Ya'ya tara ya ciyar, ba wanda ya kwana da yunwa."

Ke ce mai gaskiya ko da ɗaci, Wes Tilli, ke ce kuma ba ki taɓa sallamar baƙo ba tare da kofi da yankan burodi ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, ni da rubutu bai dame ni ba, a tsakar gidana ya faru.

Bara da kaka wani dattijo ya sauka da 'yarsa Gudrun. Sunansa Balthasar Hügel, a bakinmu Feta Balzer. An kwashe mahaifiyarsa zuwa ramukan kwal na Rasha a ƙarshen yaƙin duniya na biyu yana ɗan tatata, ba ta dawo ba. Uban ya mutu a fagen daga. Kakarsa ta goya shi ta tsallaka iyaka, ta rasu a hanya, ya tashi a gidan marayu a Jamus. Abin da ya sani game da kansa bai wuce sunansa da sunan uwarsa Kunigunde da sunan ƙauyen nan ba. Shekara tamanin yana riƙe da wannan kamar mai riƙe da kwano ɗaya tak a gida.

Sai Gudrun, da niyyar faranta masa, ta nemo hotunan littafin cocinmu. Ta sami Balthasar ɗan Kunigunde kuwa, amma da alamar gicciye a gefen sunan: ya rasu yana wata huɗu. Ta bi shafukan gaba kaf, babu wani Balthasar. Dattijo ya yanke wa kansa hukunci cewa shi tsintacce ne, an ɗauke shi a hargitsin yaƙi an liƙa masa sunan mamaci. Ya daina cin abinci kirki. Matar da ya yi ta yi wa addu'a tun yana yaro, ashe a ganinsa ba uwarsa ba ce.

Ina ɗakin ajiyar ranar da suka zo, na kai wa Wes Tilli itacen murhu. Feta Balzer ya zauna da hularsa a gwiwa ya ce, "Ba wani abu nake nema ba. Ki nuna mini kabarin yaron kawai, in roƙe shi gafara. Na ci sunansa shekara tamanin."

Wes Tilli ta sauke tabarau ta dube shi. "Feta Balzer, ashe a Jamus ba su koya maka komai ba? Tashi mu je."

Ta kai mu maƙabarta, amma ba ta nufi wajen kaburburan dangin Hügel ba. Ta tsaya a ɗan kabarin nan da take ba ruwa kullum ta ce wa Gudrun ta karanta. Gudrun ta karanta: Ottilie Rennich.

Wes Tilli ta ce, "To ga ni nan kwance, ga ni kuma a tsaye. Yayata ce. A nan in jariri ya rasu, wanda ya biyo shi ake ba sunan, don kada sunan ya fita daga gida. Rabin ƙauyen nan na biyu ne. Wani gidan ma har na uku."

Gudrun ta ce, "Amma Wes, babu shi a littafin."

"Ina zai kasance? A shekarun nan an tafi da limamin cocinmu wajen sojoji. A keken doki ake kai jarirai ƙauyen gaba a yi musu baftisma, littafinsu kuma ya ƙone."

Dattijo ya girgiza kai. "Kenan zato ne. Ni na gaji da zato."

Wani zai ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya sallame su da haƙuri. Ke kuwa, Wes Tilli, kika ce su ba ki lokaci. Na ga yadda kika duƙufa a kan akwatin wasiyya da gilashin ƙara girman rubutu, idonki na zubar da ruwa, don tun lokacin yanar ido ta fara rufe shi. Na yi miki faɗa, kika ce in tafi in ji da kajina.

Ana nan sai ga Wes Tilli a ƙofata, baƙin na biye da ita.

"Maƙwabci, buɗe. Gidanka muka zo."

"Gidana kuma? Me na yi?"

"Kai ba ka yi komai ba, kamar kullum."

Ashe gidan da nake ciki, wanda ya bi hannu da yawa tun bayan yaƙi, na dangin Hügel ne. A al'adarsu in tsoho zai miƙa wa ɗansa gona yakan rubuta abin da ya keɓe wa kansa: ƙaramin ɗaki, rabonsa na alkama, wani lokaci har kujerar da zai zauna. Kuma in aka haifi ɗa namiji, bishiyar tuffa ake dasa masa. Wes Tilli ta tsaya a bakin rijiyata ta karanta wasiyyar kakan Feta Balzer a hankali. Tsohon ya keɓe ɗaki da alkama, sannan ya ce bishiyoyin tuffa biyu na bakin rijiya kada wanda ya sare su, ta wajen katanga ta Balzer ce da Allah ya karɓa, ta wajen rijiya ta ƙaninsa Balzer ce, ɗan Kunigunde, da aka haifa bana.

Duk muka juya. Ga su nan tsaye su biyu, tsofaffi, duk sun karkace. Ni da na yi shekaru ina zaginsu saboda tsaminsu, har na wasa gatari da bazara kafin zuwan baƙin, ciwon baya ne kawai ya hana ni.

Feta Balzer ya taka ya dafa ta wajen rijiya. Ya tsinki ɗaya, ya goge a rigarsa, ya gatsa. Fuskarsa ta yamutse.

Ya ce, "Kai, tsami gare ta!"

Na ce, "Haka take tun da na zo, Feta."

Ya cinye ta tas har ƙwallon ciki yana kuka, Gudrun na riƙe da kafaɗarsa tana cewa, "Baba, a hankali." Ni ma ban tsaya ɓoye hawayena ba. Kafin su tafi ya koma maƙabarta da furanni, wannan karon wajen yayansa. Gudrun ta gaya mini daga baya cewa a hanyar komawa sau biyu ya sa aka tsaya cin abinci.

Yanzu yanar ido ta ci ƙarfin Wes Tilli. Ranar Lahadin da ta wuce ta cire makullin daga wuyanta ta miƙa wa Domnica, malamar makarantarmu, wadda ta daɗe tana koyon tsohon rubutun a wajenta. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, ta dai ja mata kunne a kan tagogi. Shi ya sa na ce bari ni in yi, yabon gwani ya zama dole.

Mun gode, Wes Tilli. Ke kika zauna da kowa ya tashi, ke kika mayar wa tsoho uwarsa bayan ya fid da rai. Allah ya saka miki, ya sa hannun Domnica ya yi albarka irin naki. Ku kuma masu karatu, in akwai tsohuwa a unguwarku da ta san wane ya haifi wane, ku je ku zauna kusa da ita tun tana gani, ku koyi aikinta. Kada kuma ku yi gaggawar sare abin da kuka tarar a tsaye.

Jiya na kai mata kwando guda daga ta wajen rijiya. Ta lalubi ɗaya ta gatsa, ta ce, "Maƙwabci, har yanzu ba ka iya zaɓen nunanna ba." Sannan ta tambaye ni gatarin nan. Na ce na ba da shi.