Malama Saude da matan ɓarar gyaɗa

Yau da safe ina tankaɗe aka kira ni daga Ba'awa: Malama Saude ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rariyar tana hannuna har aka kashe wayar.

Ita ce ta koya mini karatu ina da shekara talatin da ɗaya, da 'ya'ya huɗu. A ajin manya na zaurensu ta riƙe hannuna na rubuta sunana. Ranar da na manta fensir, ta karya nata biyu ta ba ni rabi.

Waɗanda muke guruf ɗin marubuta tare kun san ni. Ni ce mai tambayar "shafi nawa ake so?" kullum. Wasu suna ɗora labari kashi sittin, ni kuwa nawa shafi huɗu ne a littafin makaranta. Kunya ta hana ni nuna wa kowa.

Labarin ranar da Hafsa 'yata ta yi zazzaɓi ne, tana shekara biyu. Mai kyamis ya zana mini layuka da biro a jikin kwalbar magani don in san cokali nawa zan ba ta. Kafin in iso gida gumin hannuna ya goge su. Damina ce, kowa yana gona. Na shiga gida bakwai da kwalbar ban sami mai karanta mini ba. Na dawo na zauna da cokali a hannu, yarinya tana zafi a cinyata, ga rubutu a gabana ban san me yake cewa ba.

Shi ke nan labarin. Sai na ce ai wannan bai kai labari ba.

Wata uku ina ƙara masa kaya. Na saka wani Alhaji mai motoci, da bene a Abuja, garin da ban taɓa zuwa ba. Ya kai shafi arba'in da biyar, na kai wa Malama ina jin kaina.

Ta juya shafukan ta ce, "Maman Hafsa, ni ba na yanke hukunci. Mu je wurin alƙalai."

Alƙalanta matan da ke ɓarar gyaɗa ne a tsakar gidansu bayan kaka. Haka take gwada kowane rubutu. Ta karanta musu da ƙarfi, ba ta tambayar ra'ayin kowa, hannayensu kawai take kallo. In ɓara ta ci gaba, rubutu bai yi ba.

Ta karanta arba'in da biyar ɗin nan, gyaɗa tana ta ƙas-ƙas. Iya Gambo, tsohuwar da ta fi kowa baki, ta ce, "Malama, wannan Alhajin ba ya zuwa masallaci ne? Tun ɗazu yana cikin mota." Aka fashe da dariya. Na ji kamar in shige cikin buhu.

A soro na ce mata na daina, rubutu na 'yan boko ne. Ta ce, "Akwai wata kwalba da ta leƙo a shafi na talatin ta ɓace. Ina sauranta?"

Na ce wancan guntu ne, shafi huɗu kacal.

"Kawo shi ranar Laraba. Kuma ke za ki karanta."

Ranar Laraba na fara karantawa, ina tuntuɓe a kan kalmomin da ni na rubuta. Ban ɗaga kai ba. Da na zo wurin gida na biyar, sai na lura ina jin kukan tattabarun maƙwabta.

Ɓara ta tsaya!

Mata tara, ba mai motsi. Wata ta bar gyaɗa a tsakanin yatsunta rabi a ɓare. Da na kai ƙarshe Iya Gambo ta daka mini tsawa: "Ke 'yar nan, yarinyar ta rayu ko kuwa?" Na ce tana aji uku a sakandare. Ta ce, "To Alhamdulillahi, kin kusa kashe ni." Ta cika mini gefen zani da gyaɗa. Wata kuma ta ce a hankali, "Ni allurar rigakafi ce ta wuce ɗana, katin yana hannuna."

Malama ta dube ni. Ta nuna mini hannayensu da haɓa.

Mako biyu da suka wuce na je duba ta. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta tambaya ko na ɗora labarin a guruf. Na ce ina so in ɗan ƙara masa ko shafi biyu, kada a raina ni. Ta kama hannuna ta ce, "Kin tsayar da Iya Gambo da shafi huɗu. Me kuma kike nema?"

Na yi mata alƙawari, na dawo gida tsoro ya sake kama ni.

Yau kafin in ɗauki mayafi zuwa gaisuwa na cika alƙawarin. Hafsa ta ce ta taya ni bugawa a waya, na ce a'a. Da yatsa ɗaya na buga shi, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya mini. Yana guruf yanzu. Shafi huɗu, ban ƙara ko kalma ba, da sunana a ƙasa.

Ya Allah, baiwarka Saude ta buɗe idanun mata da yawa, Ka haskaka mata kabarinta. Ka sa kowace kwalbar magani da muka karanta wa 'ya'yanmu ta zama lada a mizaninta. Ka ba iyalanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya ajiye abin da ke hannunsa na minti ɗaya ya yi mata addu'a.