Tsohon da Ke Jiran Iska Ta Kwanta

Tun safe wani tsoho ke durƙushe a bayan tashar jirgin ƙasanmu, cikin furannin daji masu ruwan lemo, ya dasa akwatin hoto mai ƙafa uku. Dogo ne kamar falwaya, kwat ɗinsa duk faci. Mu a Kalifoniya fure ai ciyawa ce. Ni da ke sayar da gahawa na kasa haƙuri.

"Baba, hoto kake ɗauka ko addu'a?"

"Iska nake jira ta kwanta, 'yata. Gilashin launi ne, sai ya daɗe yana kallo. Fure na motsawa, hoto ya lalace. Kuma ɗaya ya rage min."

Ya ce wai har da garin dankali mai launi aka shafa a jikin gilashin! Na tuntsire da dariya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Gobe garma za ta shiga nan," ya ce. "Da can, nan ne ƙofar ɗakin girkinmu."

Ba ɗaki, ba ƙofa, sai fure har gindin tsauni. Ina jin a nan wata ta saba kiransa cin abinci, uwa ko mata, oho.

Jirgi ya yi kuka. Hobart kwandasta ya ƙwala masa kira: "Kai tsoho, wani jirgin sai jibi fa!"

Hannu kawai ya ɗaga masa. Jirgi ya tafi da hayaƙinsa.

Can iska ta ɗauke cak. Ya zare murfin idon akwatin a hankali, ya riƙe numfashi. Ni ma, duk bakina, na yi tsit, gahawa na hucewa a hannuna.