Ɗakin Mma Lami a Bakin Rafi

Na daɗe a aikin duba-gari, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma har yau ban manta da ranar da muka rushe ɗakin Mma Lami ba, a bakin rafin da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, gota, wato magudanar ƙazamin ruwa, kuka ji ana ce masa, kuma gotar kuka gani. Ni ma haka na tarar da shi. Sai dai akwai wani ɗan lokaci, wajen tsakiyar shekarun tamanin, da muka yi ƙoƙarin mayar da shi rafi.

Lokacin ina ƙaramin duba-gari, mai bin gida-gida. Mutanen unguwa Tankas suke ce mana, kuma da an hango kakinmu sai mata su shiga rufe randuna. Ƙa'idar aikin ita ce, in ka tarar da ƙazanta ka yi gargaɗi da baki. In ka dawo ba a gyara ba, ka ba da notis, bayan notis sai sammaci zuwa kotu. In kuwa gini ne ya tare hanyar ruwa, safiyo ne ke aunawa, ni in shafa jan fenti a bango, leburori su rushe. Sama da ni akwai babban duba-gari na shiyya, Masa Kwate, ɗan ƙabilar Ga, mai sanyin magana. Ƙasa da ni akwai helma, wato shugaban leburori, wani dattijo mai suna Atinga daga arewacin ƙasar.

A watan Janairu Masa Kwate ya kira ni ofishinsa. Ya ce yana yaro ya sha bin mahaifinsa ta wannan wuri, ya ga ƙananan kifaye a rafin da idonsa. Yana so mu yashe tsakanin gadoji biyu har mu kai ga yashi, mu dasa itatuwa, mu kafa bencina, mutane su sami inda za su zauna su ga ruwa yana tafiya.

Ya ce, "Isufu, kai ɗan Zongo ne. Kai za ka yi musu magana."

Na ce, "Masa, mutanen nan ba don son ƙazanta suke zuba shara a rafi ba. Bola ta yi musu nisa, kuma ba a kwashe ta."

Ya ce ya riga ya samo mana tifa, za ta riƙa zuwa kowace safiya ta kwashe shara a bakin gada. Na ce in dai haka ne, zan yi magana.

Na bi masu unguwa da limamai, aka yi shela ranar Juma'a, aka sa aikin gayya duk Asabar. Da farko dariya aka yi mana. Leburori suka shiga baƙin taɓo har ƙugu, takalman roba ba su ishe su ba, wasu da silifa suka shiga. Abin da muka riƙa fitarwa ba ya ƙarewa: tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, toka, tsummokara, ganyen naɗe tuwon dokunu, matattun kaji. In na koma gida da yamma, matata sai ta ajiye mini ruwan wanka a ƙofar gida, ba ta bari in shiga ɗaki da kayan. Amma tifa ta riƙa zuwa. Da mata suka ga da gaske ana kwashewa, suka fara kai shararsu bakin gada, maza kuma suka fara fitowa gayya da shebur da baro.

A nan na san Mma Lami sosai. Tsohuwa ce mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar ɗakinta, ɗakin kuwa a kan gaɓar rafin yake. Daga Zongo Lane, can cikin tsohon gari, aka kawo ta tana amarya, lokacin Nima rabinta gonaki ne. Mijinta, Malam Musa, mai gadi ne, ya daɗe da rasuwa. Kowace safiya sai ta zuba wa leburori koko mai zafi kafin su shiga ruwa, in sun fito kuma ta ba su sabulu. Takan ja kujerarta bakin gaɓa ta zauna tana kallon aiki, tana ba su labarin yadda suke wanki a wurin ita da ƙawayenta, a kan wasu faffaɗan duwatsu. Ranar da digar wani lebura ta ci karo da duwatsun, aka wanke su, sai ta sa aka riƙe ta ta sauka. Ta cire takalmi ta tsaya a kan ɗaya. Daga baya ta ce a nan Hawa take zama, a can Ramatu, duk sun rigaye ta.

A ƙarshen Fabrairu safiyo ya zo ya auna. Ya ce asalin hanyar ruwan ta bi ta ƙarƙashin gine-gine uku. Biyu shagunan katako ne, masu su suna da gidaje a wani wuri. Na ukun ɗakin Mma Lami ne. Ashe Malam Musa ne ya riƙa cike gaɓar da ƙasa da shara kaɗan-kaɗan, har ya sami wurin kafa ɗaki. In aka bar shi, ruwan zai matse a nan, damina ta zo ya toshe, ya koma cikin gidajen mutane.

Na roƙi Masa Kwate a karkatar da ruwan ta ɗaya gefen. Bai ƙi ba, ya sake zuwa da safiyo da kansa. Amma ɗaya gefen bangon masallaci ne, ba inda ruwa zai bi. A hanyar komawa ya ce mini, "In mun bar nata, sauran ba za su yarda ba, kuma aikin duka ya tashi a banza." Ba ta da takardar fili, don haka doka ba ta tanadar mata komai ba.

Na shafa wa shagunan nan biyu fenti, na riƙa kewaye ƙofarta har kwanaki suka ja. Wata rana bayan la'asar na daure na je. Na same ta tana tsince gero.

Na ce, "Mma, barka da yamma."

Ta ce, "Yauwa, ɗana. Na ga ka shafa wa shagunan nan ja. Sauran fentin na wa ne?"

Na ajiye gwangwanin fenti a ƙasa.

Ta ce, "Nawa ne ko?"

"Naki ne, Mma."

Ta ci gaba da tsince geronta. Can ta ce, "Ranar da Malam ya fara cike wurin nan na gaya masa hanyar ruwa ce. Ya ce to ina za mu kwana? Ni ma sai na ɗauki kwando na taya shi." Ta nuna ɗakin da haɓarta. "A nan na haifi 'ya'yana. A nan aka yi masa wanka."

Na ce na sani, kuma na yi iya ƙoƙarina.

Ta ce, "In na tashi, rafin zai dawo?"

"Masa ya ce zai dawo."

"Ba Masa na tambaya ba."

Na ce, "Ina sa rai, Mma. Muddin tifa tana zuwa, ina sa rai."

Ta dube ni sosai, sannan ta ce, "To, shafa. Amma ka shafa ta baya. Kada masu sayen koko su gani su fara yi mini jaje tun ban tashi ba."

Tana da 'ya, Adiza, da ke aure a unguwar Madina, can bayan gari. Ita ce ta ce za ta ɗauke ta.

Ranar rusau, wata safiya ce a watan Maris. Kafin mu iso ta fitar da kayanta waje: gado, akwati, tabarmi, tukunyar koko. Adiza ta zo da motar haya tana jira. Maƙwabta sun tsaya jingim. Na ce wa Atinga su fara. Bai motsa ba, leburorinsa ma ba wanda ya ɗaga guduma.

Ya ce da irin Hausarsa, "Masa Isufu, mata nan ya ba mu koko kullum. Ni ba zai fara ba."

A ƙa'ida, helman da ya ƙi umarni rahotonsa ake kaiwa ofis. Na san ba zan kai ba, na kuma san aikin sai an yi shi. Muna tsaye haka, Mma Lami ce ta raba mu. Ta ce, "Atinga, rana tana yi, kuna ɓata wa direba lokaci. Ku cire mini kwanon a hankali, Adiza tana so ta yi rumfa da shi."

Na cire takalmina na hau rufin, na zare ƙusa ta farko. Atinga ya biyo ni. Muka sauke kwanon ɗaya bayan ɗaya, muka cire ƙofa da taga ba tare da mun fasa ko ɗaya ba, aka ɗaure su a kan mota. Ba ta tsaya ganin faɗuwar bango ba. Ta bi maƙwabta ta yi musu sallama, ta ce a yafe mata, ta shiga gaba. Sai da motar ta sha kwana sannan aka ɗauki guduma.

Dole in faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ruwan bai zama na sha ba, amma da safe kana iya ganin yashi a ƙarƙashinsa. Muka dasa dogon yaro, muka kewaye kowane da kwando saboda awaki. Dattawa suka fara zama a bencina bayan la'asar, na Nima suna hira da na Maamobi ta tsallaken ruwa. Balbelu suka fara sauka. Da magariba aka fara jin kukan kwaɗi, har matasa suna tambayar mene ne. Duk gidajen wurin baya suka ba rafin, amma wani tela ya fasa bangon shagonsa ya yi taga, ya juyo da kekensa yana fuskantar ruwa.

A watan Mayu tifa ta lalace. Wani ƙarfe ne a cikin injinta ya karye. Ni da direba muka bi kasuwar kayan mota ta Abossey Okai shago-shago, ba mu samu ba, don shekarun nan komai wuyar samu yake yi. Da aka samu aka gyara ta, sai aka ce babbar kasuwa ta fi buƙatarta. A tsakanin nan aka mayar da Masa Kwate wata shiyya. Wanda ya gaje shi ya saurare ni har na gama, ya ce, "Aikinmu notis da sammaci ne. Ba mu da motar lambu."

Shara ta taru a bakin gada har ta kai ƙofofin mutane, ƙudaje suka cika ko'ina. Mata suka daure na ɗan lokaci, sannan suka koma rafi. Na taɓa tarar da wata tana juye kwandonta, matar da na sani ta yi gayya tare da mu. Ba ta gudu ba. Ta ce, "Tankas, nuna mini inda zan kai, in kai." Na tsaya da littafin sammaci a hannu, na rasa inda zan nuna mata, na wuce.

Ruwan Yuni ya kwaso duk abin da ke can saman rafin ya sauke mana. A shekarar ruwa bai shiga gidaje ba, saboda hanyarsa ta buɗe. Amma rafin ya koma baƙi. Awaki suka cinye dashen, bencina suka shiga murhu, tela ya toshe tagarsa da kwali saboda wari.

Bayan Babbar Sallah Mma Lami ta hau trotro, motar haya, ta zo, ta aika a kira ni. Ta rame. Ta ce a Madina ba wanda ya san kokonta, Adiza ma ta hana ta yi, wai ta huta. Muka tafi a hankali har kan gada. Inda ɗakinta yake, bola ce ta tashi. Na fara yi mata bayanin tifa, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Na ji labarin tifa. An ce mini an ji kukan kwaɗi."

"An ji, Mma."

"Kai ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"Ya daɗe?"

"Bai daɗe ba. Kafin damina ta yi ƙarfi ya ɗauke."

Ta jingina da ƙarfen gada tana duban ruwan. Ta ce, "An ce bana ruwa bai shiga gidan Ramatu ba. Jikokinta na nan ciki."

"Bai shiga ba."

Ta gyaɗa kai. Na jira ta ce mini wani abu, ko faɗa ne, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Raka ni in hau mota, ɗana. Ƙafafuna sun gaji."

A shekara mai zuwa ta rasu a Madina. Ni da Atinga muka je gaisuwa. Bayan wasu shekaru aka zo aka zuba wa rafin siminti, ya zama gotar da kuka sani.

Abin da na koya shi ne, yashe rafi aikin 'yan watanni ne, amma riƙe shi aikin kowace safiya ne, mu kuwa a wannan aiki mun fi iya abin da ke da ranar farawa da ranar gamawa. Kada kuma wani ya ce muku mutanen Zongo ba su son tsabta. Da aka ba su inda za su kai shara, sun kai, sun shiga taɓo da ƙafafunsu, sun zauna sun kalli ruwa kamar kowa. In za ku nemi wani ya bar abinsa saboda aikin da zai amfani jama'a, ku fara tambayar wa zai riƙe aikin bayan an canza muku wuri. Masa Kwate bai yaudari kowa ba, ni ma ban yi mata ƙarya ba. Amma da abin ya lalace, shi ya koma sabon ofishinsa, ni na koma bin gida-gida, Atinga ya koma yashe wata gotar. Ita kaɗai ce a cikinmu ba ta da inda za ta koma.